Yoko Shimomura: Matar da Ta Tsara Kiɗan Street Fighter II, Aka Rubuta Mata "Shimo-P"

 Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce domin waɗanda data ta yi wa tsiya, da waɗanda suka fi jin daɗin karantawa a kan saurare.

Yau Japan za mu je. Amma kafin mu tashi, bari in yi muku tambaya ɗaya. A cikinku wa ya taɓa buga Street Fighter? Ina nufin tun zamanin Sega, lokacin da ake hura kaset da baki idan ya ƙi kamawa. Ni dai a gidan gem na bayan layinmu na san shi, yayana ne yake ja na, shi ya buga ni in tsaya a baya ina kallo, sai in an kusa tashi ya miƙo mini hannu in ɗan taɓa. Na sha duka a gida saboda wannan zuwan, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. To har yau ɗin nan, idan na ji kiɗan Guile, wannan sojan mai gashi a tsaye kamar tsintsiya, sai in ji ƙamshin ɗakin nan ya dawo mini, da zafin, da ƙarar janareto.

Shekara da shekaru ina ɗauke da kiɗan nan a kaina, ban taɓa tambayar kaina wa ya yi shi ba. A tunanina na yaro, inji ne kawai yake fitar da shi. Sai da na girma na gano cewa mutum ne ya zauna ya tsara shi, kuma mace ce, kuma shekararta 23 a lokacin. Sunanta Yoko Shimomura. Tarihinta za mu bi yau, kuma abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne batun suna: wa ya yi aiki, kuma wa aka sani.

An haife ta ranar 19 ga Oktoba, 1967, a lardin Hyogo da ke yammacin Japan, maƙwabcin birnin Osaka. Tun tana 'yar shekara huɗu zuwa biyar aka sa ta koyon fiyano. Ta taso da kiɗan gargajiyar Turai, irin na su Beethoven da Chopin, ta shiga Kwalejin Kiɗa ta Osaka, ta gama a 1988. Hanyar da aka shimfiɗa wa yarinya irinta a bayyane take: ta zama malamar fiyano, ta riƙa koyar da yara, aiki mai mutunci wanda iyaye za su faɗa a gaban mutane ba tare da sun sunkuyar da kai ba.

Sai dai ita tana son gem. Ku tuna wane zamani ne wannan. A 1983 kamfanin Nintendo ya fito da na'urar Famicom, a 1985 Super Mario Bros. ya fito da kiɗan Koji Kondo, a 1986 kuma Dragon Quest ya fito da kiɗan Koichi Sugiyama, wanda ya ɗauko salon manyan makaɗan Turai ya cusa shi cikin ɗan ƙaramin kaset. Duk tana ɗaliba waɗannan suka fito. Da ta gama karatu sai ta aika samfurin aikinta kamfanin Capcom da ke Osaka, aka kira ta ganawa, aka ɗauke ta.

Gida ba su ji daɗi ba, malamanta ma haka. Ita da kanta ta sha faɗin wannan a hirarrakin da aka yi da ita. Kuma in za mu yi adalci, ba za mu ga laifinsu sosai ba. An kashe kuɗi mai yawa a karatun kiɗa, ga shi ta ɗauki ilimin za ta kai shi wurin wasan yara, inda abin da ake kira kiɗa bai wuce "fit-fit" da "tit-tit" ba. A 1988 babu wanda zai iya nuna musu mutum ɗaya da ya yi suna a duniya da wannan sana'a, balle a ce mace. Duk wanda ya taɓa gaya wa mahaifinsa cewa zane yake so ya yi, ko haɗa bidiyo, ya san irin kallon da ake yi masa. Irin kallon da aka yi mata ke nan, amma ta karɓi aikin.

To shiga ɗin ma ba sauƙi ta samu ba. Ita fiyano ta karanta, wato kaɗa abin da wani ya rubuta. Tsara sabon kiɗa wani fanni ne daban, shigar da shi cikin kwamfuta kuma wani fannin ne na uku da ba ta sani ba sam. Bari in ɗan yi muku bayanin yadda abin yake, domin sai kun gane ƙuncin wurin za ku gane girman aikin.

Na'urar Famicom muryoyi biyar kacal take iya fitarwa a lokaci ɗaya. Biyu na ɗaukar karin kiɗan, ɗaya na ɗaukar kauri daga ƙasa, ɗaya ƙara ce kawai kamar shuuu ta rediyo wadda ake yankawa a mayar da ita ganga, ta biyar kuma ta ɗan guntun sauti ce da aka naɗa. Shi ke nan. Kuma ba kiɗa kaɗai ke amfani da su ba. Idan ɗan wasa ya yi tsalle ko ya yi harbi, wannan ƙarar ma daga cikin muryoyin nan za a ara, sai wani ɓangare na kiɗan ya yi shiru na ɗan lokaci. Mai fiyano yana da yatsu goma da maɓallai 88. A nan an ce mata ga muryoyi biyar, kuma a lambobi za ki rubuta su. Gem na farko da ta yi wa kiɗa shi ne Samurai Sword a 1988. Daga nan ta sa hannu a Final Fight a 1989, da wasu ƙanana.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. A Capcom na wancan lokaci, mata ne da yawa a sashen sauti. Manami Matsumae ce ta yi kiɗan Mega Man na farko a 1987. Akwai Harumi Fujita, akwai Tamayo Kawamoto, akwai Junko Tamiya. Wato kiɗan da samarin duniya suka taso da shi suna ɗauka na maza ne, kaso mai yawa mata ne suka tsara shi. Me ya sa ba a san su ba? Saboda al'adar kamfanonin gem na Japan a wancan zamani ita ce ba a rubuta sunan ma'aikaci na gaskiya a ƙarshen gem. Laƙabi ake sawa. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne tsoron kada wani kamfani ya ga sunan gwani ya zo ya saye shi. Ita Matsumae an rubuta ta da "Chanchacorin". Kun ga dabarar ai: an ɓoye sunanka don kada darajarka ta tashi a kasuwa.

Yanzu mu zo kan 1991. Capcom na shirin fito da Street Fighter II a injinan gem na saka kuɗi, irin manyan akwatunan nan da ake tsayawa a buga. Gem ɗin yana da 'yan dambe takwas da za ka iya zaɓa, kowa da ƙasarsa: Ryu da E. Honda daga Japan, Ken da Guile daga Amurka, Chun-Li daga Sin, Dhalsim daga Indiya, Zangief daga Tarayyar Sobiyet, sai Blanka daga Barazil. Bayansu akwai manyan abokan gaba huɗu. Kowane ɗaya yana da filinsa, kowane fili yana buƙatar kiɗansa. Aka ba Shimomura aikin. Ita ta tsara kusan dukkan kiɗan, abokin aikinta Isao Abe ya yi kaɗan, ciki har da na Sagat.

Injin ya fi Famicom ƙarfi, yana da na'urar sauti ta Yamaha mai muryoyi takwas, da wata ƙarama mai fitar da sautin ganga da muryar mutum. Amma matsalar da ke gabanta ta wuce ta inji. Yaya za ka sa mutum ya ji yana Indiya ko Barazil cikin daƙiƙa biyar, a ɗakin da ke cike da hayaniyar wasu injinan, kai kuma a Osaka kake zaune, babu intanet balle YouTube? Abin da ta yi shi ne ta kalli kowane ɗan dambe ta tambayi kanta wane irin mutum ne shi. Kiɗan Ryu na mutum ne mai kamun kai wanda ya sa abu a gaba. Na Ken ya fi rawar kai. Na Guile kamar a fim ɗin soja, jirgin yaƙi na shirin tashi. Na Chun-Li yana tsalle-tsalle kamar yadda ita ma take yi. Mu da muke yara ba mu san ko ɗaya daga wannan lissafin ba, amma ko ido a rufe za mu gaya maka filin wa ake.

Na Blanka shi ya fi ba ta wahala, kuma labarinsa yana ba ni dariya. Ta ba da labari cewa karin ya ƙi zuwa, har wata rana tana cikin jirgin ƙasa za ta wurin aiki, ta hango wata koriyar jakar takarda a kan ragar ajiye kaya. Launin ya tuna mata da Blanka, shi ma ai kore ne, nan take karin ya faɗo mata, ta yi ta maimaita shi a ranta har ta isa ofis. Sannan ku tuna yadda kiɗan ke ƙara sauri idan jinin ɗan dambe ya kusa ƙarewa. Wallahi wannan saurin ya sa na sha faɗuwa, don da ya fara hannuna ke rawa.

Gem ɗin ya fito ya girgiza duniya. Na Super Nintendo kaɗai, wanda ya fito a 1992, an sayar da kwafi miliyan 6.3. Sai na Sega ya biyo baya a 1993, wanda shi ne ya fi yawo a wurarenmu. Miliyoyin mutane suka haddace kiɗan. To idan ka cinye gem ɗin, sunayen waɗanda suka yi aiki suka fara hawa, me za ka gani a wurin sauti? "Shimo-P." Shi kuma Isao Abe an sa masa "Oyaji-Oyaji". Kiɗan kuma mallakar kamfani ne, ita albashinta take ɗauka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji Bahaushe. Kusan shekara ashirin bayan haka, wajen 2010, matasa a intanet suka ɓullo da wani wasa na ɗora kiɗan Guile a kan kowane irin bidiyo, suna cewa babu abin da bai dace da shi ba. Mafi yawan masu yin haka ba su san sunan wadda ta tsara shi ba.

A nan ne ta yi abin da ya fi burge ni a duk tarihinta. Mutum ya yi aikin da ya fi kowane tashe a kamfani, ai sai ya gyara zama. Ita kuwa a 1993 ta ajiye aikin. Dalilinta shi ne tun farko abin da take so shi ne gem mai dogon labari, irin su Dragon Quest, inda za ta yi kiɗa mai faɗi, na baƙin ciki da na murna da na tafiya, irin wanda ta karanta a makaranta. A Capcom tana sashen injinan saka kuɗi, inda ake son kiɗa mai zafi na minti ɗaya da rabi. Hanyar komawa ɗaya sashen ba ta buɗe mata ba. Sai ta koma kamfanin Square, masu Final Fantasy, inda Nobuo Uematsu yake babban mai tsara kiɗa. Wato ta bar inda ta riga ta yi fice, ta je inda za ta zama sabuwa a ƙarƙashin inuwar wani.

Aikinta na farko a can shi ne Live A Live a 1994. Gem ne mai labarai daban-daban, wani a zamanin mutanen kogo, wani a tsohuwar Sin, wani a zamanin kaboyi na Amurka, wani a sararin samaniya, kowanne da irin kiɗansa. Gem ɗin bai yi kasuwa sosai ba, kuma ba a fitar da shi wajen Japan ba. Amma ku ji ikon Allah. Akwai wani kiɗan faɗa a ciki mai suna "Megalomania". Wani matashi Ba'amurke, Toby Fox, ya ji shi ya so shi, har ya sa wa nasa kiɗan suna "Megalovania", wanda ya shahara a gem ɗinsa Undertale na 2015. Shi kuma Live A Live sai a 2022 aka sabunta shi aka fitar wa duniya, shekara 28 bayan fitowarsa. Aikin kirki ko an binne shi, wata rana sai ya tsiro.

Daga nan ayyuka suka biyo juna. A 1996 ta yi Super Mario RPG, inda aka damƙa mata kiɗan Koji Kondo, wanda ta taso tana ji, aka ce ta gina nata a kai. A 1998 ta yi Parasite Eve, labarin tsoro a birnin New York, ta haɗa waƙar opera da kiɗan lantarki. A 1999 ta yi Legend of Mana, wanda ta sha cewa shi ya fi nuna ko ita wace ce. Zuwa wannan lokaci an koma PlayStation da faifan CD, ƙuncin muryoyi biyar ya zama tarihi, kuma sunanta na gaskiya ake rubutawa.

Sai 2002, shekarar Kingdom Hearts. Wannan gem ne da ya haɗa 'yan wasan Disney, su Mickey Mouse da Donald Duck, da duniyar Final Fantasy, ƙarƙashin jagorancin Tetsuya Nomura. Da jin haɗin ma za ka ce ba zai yiwu ba, kamar a ce a zuba fura a cikin shayi. Wani babban ɓangare na ɗaure su wuri ɗaya a kan kiɗa ya faɗa. Abin da ta sa a allon farko, kafin ka danna komai, shi ne "Dearly Beloved", ɗan gajeren kiɗa mai sanyi wanda fiyano ke jagoranta. Ku lura da wannan. Fiyanon da aka ce ta watsar don ta bi wasan yara, shi ne ta dawo da shi ta ajiye a ƙofar gem ɗin da miliyoyin mutane suka saya. Kowane Kingdom Hearts da ya biyo baya, na biyu a 2005 har na uku a 2019, da sabon salon wannan kiɗan yake buɗewa.

A wannan shekarar ta 2002 ta bar Square don hutun haihuwa, kuma ba ta koma a matsayin ma'aikaciya ba. Daga 2003 ta zama mai cin gashin kanta. Yanzu kamfanoni ne ke zuwa wurinta. Nintendo suka ba ta jerin Mario & Luigi tun daga 2003. Ta sa hannu a Xenoblade Chronicles a 2010. Tsohon kamfaninta, wanda ya zama Square Enix, ya ci gaba da kiranta. Aka ba ta wani gem da aka sanar a 2006 da sunan Final Fantasy Versus XIII, aikin ya yi ta jan ƙafa, aka canza masa suna, aka canza shugaban aikin, bai fito ba sai a Nuwamban 2016 da sunan Final Fantasy XV. Shekara goma, ita ce dai mai kiɗan daga farko har ƙarshe. A Satumban wannan shekara ƙungiyar makaɗa ta London Philharmonic ta kaɗa kiɗan a situdiyon Abbey Road da ke Landan, inda su Beatles suka yi aikinsu.

A 2024 taron masu ƙera gem da ake yi a San Francisco ya ba ta lambar yabo ta aikin tsawon rayuwa. A Afrilun 2025 kuma BAFTA ta Birtaniya ta ba ta lambarta mafi girma, irin wadda aka ba Shigeru Miyamoto, mahaliccin Mario a duniyar gem, a 2010. Daga "Shimo-P" zuwa wannan dandali, shekara 34.

To me ya sa na kawo muku wannan? Na san wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu, sai labarin kiɗan gem? Wani kuma zai kawo batun hukuncin kiɗa. Wannan fagen malamai ne, ba nawa ba. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne batun suna. Ina da aboki da ke haɗa kiɗa a wani ɗan situdiyo. Akwai waƙar da ya kwana uku a kanta, ta fito ta zagaya gidajen biki, aka biya shi kuɗin da bai kai na cefanen sati ba, kuma ko a ƙasan bidiyon ba a rubuta sunansa ba. Da ya yi magana aka ce masa ai an biya ka. Haka masu zane suke, haka masu gyaran bidiyo, haka masu rubuta labari, haka yarinyar da ta yi ɗinkin da wata ta sa ta yi suna da shi.

Abin da tarihin Shimomura ya nuna mini shi ne, ranar da aka fara rubuta sunanta na gaskiya, ranar ce aikinta ya fara tara mata jari. Da a ce har 2002 laƙabi ake sa mata, da wa zai neme ta lokacin da ta bar kamfani da jariri a hannu? Gwanintar tana nan tun 1991, amma sai da aka haɗa ta da suna sannan ta zama abin da za ta iya ɗauka ta tafi da shi. Don haka idan kana aikin fasaha, kafin ka fara, ka yi maganar suna kamar yadda kake maganar kuɗi, kuma a rubuta. Idan kuma kai ne mai ba da aikin, layi ɗaya ne a ƙasan hoto, ba zai rage ka da komai ba.

Ga iyayenmu kuma, da mu da za mu zama iyaye gobe, ba na cewa duk yaron da ya liƙe wa gem zai zama Shimomura. Ita ta yi shekara goma sha biyar tana zaman fiyano kafin ta taka Capcom, kuma wannan horon da iyayenta suka biya shi ne ya ɗauke ta har ƙarshe. Sun yi daidai da suka koyar da ita, inda suka kuskure shi ne zaton cewa sun san duk inda ilimin zai yi amfani.

Aikin gida na wannan makon mai sauƙi ne. Ku ɗauki abu ɗaya da kuke so, waƙa ce, fim ne, ko gem, ku nemo sunan wanda ya yi aikin bayan fage, ku rubuto mana shi a ƙasa. Ni na fara da nawa: kiɗan Guile, Yoko Shimomura, 1991.

Nan za mu dakata. Ku tura wa wanda kuka san kun sha bugun Street Fighter tare, musamman wanda yake zaɓar Blanka ya maƙale a lungu yana sakin wuta. Sai mun haɗu a shiri na gaba idan Allah Ya kai mu.